Ɗigo Ja a Taswira

Ni ne Sallau mai babur,
mai ɗaure akwatin ƙanƙara a baya da igiyar roba,
in bi gefen magudana daga ƙauyenmu zuwa Auyo
kafin rana ta narkar da wahalar mutane.

Da suka fara zuwa daga cibiyar jami'a
mun zaci masu rabon taki ne.
Sai ga mace ta sauko, takalmin roba har gwiwa,
Dakta Uwani, da rariya a hannu,
ta kutsa ruwa tsakanin kachala
tana tsintar katantanwa kamar mai kalar gyaɗa.
Tsofaffi a gindin tsamiya suka ce:
boko ya kai ƙarshe, an koma kiwon dodon koɗi.

Sai ta nemi fitsarin yara.
Mai unguwa ya yi shiru har shayinsa ya huce.
Abin da ake zagayawa a yi a ɓoye
shi ake nema a kwalba, har da lamba a jiki?
Kwana uku ana ja a zaure.
Ran na huɗu Inna Barira ta dangwala yatsa,
ta ce: ni dai jikana ya rame, ku duba.

Mu nan, in yaro ya yi fitsari ja
cewa muke ya fara zama namiji.
Ni na yi. Ubana ya yi.
Mun san sunanta, tsargiya,
gidanta ne ba mu sani ba.

Ranar da ta ce in sa ido a madubinta
na ga ƙwai, dogo, da ƙaya a gindi,
kwance cikin ɗigon ɗana Mati,
lamba ɗari da arba'in da bakwai.
Na ɗago na dubi ruwan da ya ci da mu, ya tufatar da mu.
Ban ce uffan ba.
Na je na tayar da babur.

Magani ya zo bayan girbi,
farare, manya, ɗaci kamar maɗaci.
A tsai da yaro jikin sanda a ga tsayinsa
sannan a ƙirga masa rabonsa.
Mati ya kwana yana juyi, yana jin haushina.
Bayan 'yan makonni ya kira ni bayan danga:
Baba, zo ka gani, fari tas!

Can sai ga hoto ta turo a waya.
Wani zaure a ƙasar da ba a noman shinkafa,
kujeru cike da masu tabarau,
tana tsaye gaban bango mai haske,
taswira a bayanta, da ɗigo ja
bai fi cizon sauro ba.
Ta rubuta: ku ne nan.
An ce sun tafa mata.
Inna Barira ta kai wayar dab da ido:
to ina tsamiyar? Ina masallacin?

Ga shi dashe ya zo,
shinkafa kuwa ba ta karatu, sai an shiga ruwa.
Famfon makaranta ya mutu tun bara,
mata na wanki inda katantanwa ke haihuwa.
Jiya na hango Mati ya daka tsalle daga kan gada,
yana ihu, rana na walƙiya a gadon bayansa.
Na buɗe baki in hana,
sai zafin ranar ya tuna mini da ni a shekarunsa.

Gobe motarsu za ta dawo da sababbin kwalabe.
Na wanke akwati, na zuba mai.
Na kuma sayi ɗan littafi a shagon Gambo
na yi nawa binciken da fensir:
famfo nawa, rijiya nawa, masai nawa,
da kowane yaro da sunan da aka raɗa masa.
Zan miƙa mata in ce: Dakta,
in kin koma zauren nan,
ki karanta musu wannan
tun kafin tafukansu su haɗu.