Dare Shida a Gangare

Daren da ka zo, ƙanƙara ke dukan kwanon gidanmu
kamar mai bin bashin da ya gaji da alkawari.
Davou maƙwabcinmu ya tada tsohuwar motarsa da turi,
uwarka a baya tana cizon gefen zane,
ni a gaba, ko addu'a na kasa haɗawa.
Da asuba aka miƙo min kai,
nauyinka bai kai mudu biyu na dankali ba.
Na yi maka kiran salla a kunnen dama,
da na zo kan suna, sai bakina ya cije.

Wata tara ina yawo da suna a aljihu,
ashe aljihun a huje yake.

Kwana biyu, Iya Tabawa ta aiko daga Bukuru:
a sa Zubairu, sunan mahaifina,
wanda ya binne ƙuruciyarsa a ramin kuza
ya fito da tari da gida mai ɗaki uku.
Uwarka ta ja mayafi ta ce,
"Da wane bakin zan kira sunan surukina
in ce masa zo nan in fyace maka hanci?"

Kawunka Sadisu ya zo da waya a hannu
yana karanto sunaye masu ƙyalli kamar takalmin kanti.
Na gwada ɗaya a bakin Iya,
ya fito a karye gida uku.

A Farin Gada mai kabeji ya ja ni gefe:
"Yi wa mai kuɗi takwara, rago ya zo da ƙafarsa."
Na yi dariya. Amma fa sai da na lissafa kuɗin ragon.
Liman Ukashatu bai zaɓa min ba,
ya ce suna linzami ne,
in duba inda nake so dokin ya dosa.

Dare na shida.
Rago na ɗaure a gindin gwaiba, goro na cikin algarara,
mata na jiƙa shinkafar waina suna shewa.
Na fito ƙofar gida, sanyin Jos na shiga ta ƙasan rigata,
sai Haladu ya faɗo min.
Shi ya ba ni buhun karas na farko bashi,
bai rubuta ba, bai kira shaida ba.
Da na kai masa kuɗin da ƙari
ya zare ƙarin ya cusa min a hula.
Ya rasu bara waccan, bai bar ɗa ba,
sunansa na rataye kamar riga a ƙusa,
ba mai sawa.

Na faɗe shi a hankali: Haladu.
Na faɗe shi da muryar malami mai kiran rajista.
Na faɗe shi da tsawa, kamar ka fasa min tulu.
Na ɗora masa furfura na ce Malam Haladu,
ya zauna daram.
Na ji shi a bakin jikokin da ba zan gani ba.

Da safe liman ya shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya,
unguwa ta amsa: Allah ya raya.
Iya ta ɗaure fuska har aka gama fiɗa,
sannan ta karɓe ka ta ce, "Kawo min mijina, Maikuza."
Davou ya leƙo da sabulu da turmin atamfa
yana tambayar lafiyar Ɗan Ƙanƙara.
Uwarka kuwa, da yake kai ne na fari,
har abada "wannan yaron" za ta ce.

Dare shida na yi ban runtsa ba saboda suna ɗaya,
kafin azahar ka tara huɗu.
Kai kuma kana barci, hannunka a dunƙule,
kamar ka zo da naka ka ƙi nunawa.