Mai Cewa Eh

Ƙarfe biyun dare hadari ya taso daga gabas,
kuran ya ɗauke a likitar Gabi.
Batir ya yi kuka uku, ya yi shiru.
Na'urar da ke bayan kabad ɗin magani
tana tsakiyar rubuta sunan wata jaririya
alƙalami ya suɓuce mata.

Da asuba wuta ta dawo.
Ta farfaɗo kamar wanda ya tashi daga suma,
ta leƙa rumbunta, ta tarar da shi a buɗe,
dammuna a warwatse, ƙidaya ba ta cika ba.
Sai ta tsaya cik
ta rubuta da fararen baƙaƙe a baƙin allo:
In gyara?

Wa take tambaya?
Tsaka ce a bango, sai gizo a kusurwa.
Nomau mai gadi ya wuce da tsintsiya,
ya ga ƴar fitila kore, ya ce lafiya lau.

Kwana uku tana jiran harafi guda.
Majo Tsahara ta koma wa tsohuwar rajista
wadda gara ta ci gefenta,
mata a layi da goyo, ana lalube:
wa aka yi wa allura, wa ya rage?

Ni aka kira, Ma'azu, daga Bagalam.
Esansi na jika uku, moto mai tari,
gulbi ya kawo, na naɗe wando,
laka har gwiwa, kwali a ka.
Na isa bayan azahar
don in danna harafin nan mai kama da gwafa.
Ta sake tambaya, na sake dannawa,
sau arba'in da ɗaya, na ƙirga.
Majo ta ce, Shi ke nan aikin?
Na ce, Shi ke nan.
Ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini fura.

Kafin in tashi na buɗe littafin farkawarta,
inda take duba abin yi in ta buɗe ido,
na ƙara mata layi ɗaya, gajere:
In kin tashi kin ga ɓaraka, ɗinke.
Kada ki jira ni.
Haka babana ya ce mini ranar da ya bar mini shago,
na yi wata guda ina jin nauyin maganar.

Amma na san halin mai cewa eh ga komai.
Ba ta san wanne ne zinariya, wanne ne ƙaiƙayi ba.
Abin da ta rasa gidansa
sai ta kai shi ɗakin cigiya,
ta cire masa suna, ta liƙa masa lamba.
Na taɓa buɗe irin wannan ɗaki a Tibiri,
na tsinci rabin layi:
Baraka, ƴar wata huɗu, nauyinta
sai fili.
Don haka na ƙara mata wani sharaɗi:
kullum bayan la'asar, tun sama ba ta haɗe rai ba,
ki kwafe komai ki ajiye gefe.
Mai rumbu biyu ba ya kwana da fargabar gobara.

Jiya ma an yi ruwa da iska.
Na kwanta ina sauraron kwano yana kiɗa,
waya kusa da kunne.
Ba ta yi ƙara ba.

Da hantsi ɗan saƙo ya shigo, ba sallama:
An duba. An gyara bakwai.
Ɗaya yana cigiya.

Na kurɓi shayi, na dubi moto a inuwar bedi,
busasshiyar laka tana nan a tayarta.
Bakwai ɗin nata ne, ta iya.
Ɗayan nan kuwa ɗan wani ne,
uwarsa ta san sunansa.
Ranar Asabar zan je in tambaya.