Ƙarƙashin Koren Fenti

Na saye ta hannun wani mai kiwon tumaki
can bayan Grimsby, inda iska ke ɗauke da gishirin teku.
Landiroba ce, ta girme ni da shekara uku.
Ya shafa goshinta, ya ce ba ta taɓa ba shi kunya ba.
Da igiya aka jawo ta ƙofar gidana.

Daga nesa, kyan ɗan maciji.
Fatarta alminiyom ce, ba ruwanta da tsatsa.
Ƙashin ne na ƙarfe.
Ran Asabar na shimfiɗa kwali, na kwanta ƙarƙashinta,
na tsokane ta da sukudireba,
ya nutse kamar a dafaffen rogo.
Jan gari ya zubo mini a ido da gemu:
gishirin da suke watsa wa titi in ƙanƙara ta sauka,
na shekara arba'in,
ga shi duk a bakina.

Matakin ƙafar direba ya fi ba ni mamaki.
Na kankare fenti, na iske foti.
Na fasa foti, na iske jarida,
an cusa a rami, an shafe, an fesa kore.
Rabin shafi ya tsira, farashin raguna ne na wata shekara.
Wani ya taɓa durƙusawa a nan,
ya dubi ramin, ya dubi aljihunsa,
ya zaɓi rufin asiri.
Ban zage shi ba.
Ni ma ran Lahadi, in Inna ta kira daga Malumfashi,
ta ce ya sanyi, ya aikin dare, ya gwiwar nan,
"lafiya lau" nake shafawa, in bi da fenti.

Dattijo Clive, maƙwabcina, da can mai waldar jiragen kamun kifi,
ya leƙo ta saman shinge da kofin shayi.
Hannun na rawa yanzu, idon bai rawa.
"Yanke," ya ce. "Ƙara.
Sai ka ga ƙarfe na ƙyalli. Ba a ɗinki a kan ruɓa."
Na ce ai ramin zai yi girma.
Ya ce, "Da ma girmansa ke nan, kai ne ba ka gani ba."

Giranda ta yi ta ihu, tartsatsi ya cika gareji.
Ramin da bai kai kwabo ba ya zama faifai.
Barira, 'yata, ta riƙe tocila,
ta zana bakinsa a kwalin biskit,
muka ɗora a sabon ƙarfe, muka yanka.
Waldata ta fari kashin kaji ce zalla,
gyaran gangar auzinawa,
na je toshe rami ɗaya na huda biyu.
Clive ya yi dariya har shayi ya zube masa a silifa.
"Ɗigo nan, ɗigo can nesa. Bar shi ya huce.
Ƙarfe ma in ka matsa masa murɗewa yake."

Kakana maƙeri ne.
Ban taɓa ja masa zugazugi ba, boko ya riga shi ɗauke ni.
Amma ƙaurin nan na ƙarfe mai zafi,
hancina ya gane shi kafin ni.

Yanzu Nuwamba, ƙarfe huɗu duhu ya yi.
Hansatu ta daina tambayar yaushe za ta tashi,
shanya take yi a madubinta.
Jiya Barira ta hau, ta doka ƙafa a sabon facin,
ta sake dokawa da ƙafa biyu.
Bai motsa ba.

Yau Inna ta kira.
Na ce, "Gwiwar na ciwo, Inna. Aikin ma ya ishe ni."
Ta yi shiru, ina jin zakara a bayanta.
Ta ce, "Tun bara nake jin ta a muryarka."

Na ajiye waya, na ɗauki tocila.
Ɓangaren fasinja na nan,
kore shar, sumul,
ban taɓa shi ba tukuna.