Gyartan Dutse a Birnin Atina

Tun kafin a buɗe wa masu tikiti ƙofa
nake hawa tudun Akrofolis,
da gurasa a jaka, da zaitun bakwai, da gwiwa mai ƙara.
Atina na can ƙasa, fara fat, ba ta gama farkawa ba.
Kyanwoyi kaɗai ke riga ni.

Sunana Stamatis, mutumin tsibirin Tinos,
inda yaro kan riƙe guduma kafin ya riƙe alƙalami.
Shekara talatin da ɗaya ina yi wa Fartenon ɗinki.
Ni ba magini ba ne, gyartai ne,
sai dai ƙwaryar tawa ta marmara ce
kuma ta girmi kakan kakan kowa.

Wannan ɗaki ya sha sunaye:
ɗakin gunkiya, sannan coci, sannan masallaci,
sannan rumbun albarushi,
har ranar da harsashin igwa ya faɗo masa a ka
ya tarwatse kamar tulu a bakin rijiya.
Abin da ya saura, wasu suka loda a jirgin ruwa,
wasu suka ɗaure da ƙarfe saboda ƙauna;
ƙarfen ya yi tsatsa, ya kumbura,
ya tsaga dutsen ta ciki.
Ashe ba maƙiyi kaɗai ke ɓarna ba.

Akwai wani ginshiƙi ta gefen arewa
mai giɓi a ƙugu, faɗin tafi huɗu.
Wata goma sha ɗaya ina sassaƙa masa ciko
da sabuwar marmara ta dutsen Fenteli,
tsatson da aka yanko shi tun farko.
Shi launin zuma, nawa fari kamar haƙorin yaro.
In gwada, in cire,
in kankare kaurin silin gashi,
in sake gwadawa.
Har a mafarki Furoso ta ce hannuna na motsi.

Ranar wata Talata sai ga Ebdokiya a guje,
ɗalibata, garin dutse har gira:
"Maigida, taho ka duba lamba dubu huɗu da tara!"
Wani ɓalli ne a bayan rumfa,
wanda muka daɗe muna zama a kai muna shan gahawa.
Aka ɗaga shi da igiya.
Ya shige giɓin nan ba gardama,
kamar wanda ya fita sayo gishiri
ya dawo bayan shekara ɗari uku.

Kowa ya yi tafi. Ni ma na yi.
Ƙarya nake in na ce
ba abin da ya tokare mini maƙogwaro.
Wata goma sha ɗaya!
Mai wuri ya zo, mai tabarma sai ya naɗe.

Amma kafin a kafa shi na shafa samansa,
fuskar da wani dutsen zai hau ya rufe,
wadda ba a yi ta don ido ba.
Sumul.
Wani ya taɓa durƙusawa a nan cikin wannan rana,
ya gyara inda ya san ba mai dubawa.
Bai bar suna ba,
sai sawun kurfi uku a gefe, sun karkata.
Na ɗora nawa a kai, suka hau.
Bahago ne, irina.

In ka zo Atina, baƙo, ka hau da sanyin safiya,
ka sa takalmi mai kama ƙasa, dutsen na da santsi.
Ka ga 'yan matan dutse shida masu ɗauke da rufi a ka,
ka ga teku can nesa yana ƙyalli.
Sannan ka matso, ka dubi fararen faci a jikin zuma:
kowanne shekarun wani ne.

Kada ka nemi nawa a ginshiƙin arewa.
Yana bayan rumfa, a gurbin wancan.
A kansa muke shan gahawa yanzu.