Bangon Bayan Kabad

Kwana tara ruwan Agusta bai ɗauke ba a Gangare.
Hazo ya taso daga duwatsun Shere ya kwanta kan kwanonmu,
shanya ta ƙi bushewa, ashana ta ƙi kamawa,
gishiri ya narke a gwangwani.
Haka Jos take in ta sha damina.

Ƙirjin Uwani ne ya fara sani.
Tari ƙasa-ƙasa, daga lisha har assalatu.
Na sauya magani, na sauya kemis,
sai ran da na ja kabad ina neman silifas ɗinta
na ga abin da muke kwana da shi:
bango ya yi baƙi, ya yi kore, har ya tsiro gashi,
daga daɓe zuwa kafaɗata, funfuna.

Alhaji Barau mai gida ya aiko da galan ɗin fenti,
wai a shafe a wuce wurin.
Davou magini ya ƙwanƙwasa bangon, ya kasa kunne
kamar mai zaɓen kankana a Faringada.
Ya ce, "Tanimu, fenti riga ce,
miki ba ya warkewa don an sa masa riga. Hau sama."
Na hau. Ƙusa uku sun ci tsatsa,
ganyen turare ya toshe indararo,
ruwan da ya rasa hanya ya bi ta cikin bulo
yana ta yi mana ɓarna.

Asabar gari ya washe.
Na fitar da katifa, da tabarma, da akwatin Kande,
da takalman Sallah da suka yi furfura.
Ɗankwalinta na ɗaura a hanci, leda a hannu,
bilic a bokiti, buroshin waya,
taga a buɗe, ƙofa a buɗe,
ina gurza, idona yana ƙuna.

Can sai buroshi ya tsaya.
Ƙarƙashin baƙin, layukan fensir guda huɗu,
ɗaya bisa ɗaya, kamar tsani.
Rubutun Kande ne, mai karkata hagu:
Uwani, shekara biyu. Uwani, uku.
Huɗu. Biyar.
Daga nan fensir bai sake hawa ba,
shekarar da muka kai ta makwanci ke nan.
Na ajiye buroshi, na zauna.

Davou ya danna wurin da babban yatsa, filasta ta lotsa.
Bai ce komai ba. Ya ciro awonsa ya miƙo mini.
Na auna kowane layi daga ƙasa,
na rubuta a bayan takardar kuɗin wuta,
na ninke, na sa a aljihun gaba.
Sannan na karɓi kurfi da guduma.
Ni na fara sara, da hannuna.

Mako uku bangon yana tsirara, yana shan iska.
Kullum in dafa shi da tafi, in ji ko sanyin ya fita.
Fentin Alhaji yana nan a zaure, ko buɗe shi ban yi ba.
Daren jiya na farka don shiru ya yi yawa,
na lallaɓa na tsaya a kanta:
numfashi ne kawai, yana shiga yana fita.

Da safe ta zo da guntun fensir daga jakar makaranta,
ta tuɓe silifas, ta jingina da katakon ƙofa,
ta miƙe wuya, tana satar ɗage dunduniya.
"Baba, a nan ruwa ba ya zuwa ko?"
Na ce sauke ƙafa.
Na ja layi, na rubuta bakwai,
na sa mata suna.