Rubutun Bayan Bango

Sanyi biyu na kwana a tirela
a gefen fegina, a tsibirin Westray,
inda iska ba ta sallama, ba ta ban kwana.
Da safe sai in tarar numfashina ya daskare a taga,
in kankare shi da cokalin shayi
in leƙa gidan da bai gama zama gida ba.

Erlend Drever ne ya koya mini aikin famfo.
Saba'in da huɗu, gwiwa ɗaya ta ƙarfe,
ladansa shayi mai kauri da biskit biyu.
Ya ce, “Thora, kafin ki sayi injin ɗumi
toshe kafofin gidan tukuna.
Ba a cika kwando da ruwa.”
Na dinga cusa gashin tumaki tsakanin katakai
har yatsuna suka ɗauki warin garke.

Ranar shimfiɗa bututu a ƙarƙashin daɓe,
mita ɗari shida muka nannaɗe
kamar gidan dodon koɗi, ɗaki bayan ɗaki,
ina durƙushe, yana nuni da sanda.
“Kar ki karya masa wuya a kwana, lallaɓa shi.
Kar ki yi haɗi inda hannunki ba zai sake kaiwa ba.
Cika shi da ruwa, ki matse,
ki bar allurar ma'auni ta kwana.
In ta sauka ko da kaurin gashi ne,
kar motar siminti ta hau jirgin fito.”

Allura ta sauka.

Na zauna a kan bokiti na sha kukana,
don na riga na biya kuɗin mota.
Shi ko a jikinsa, ya miƙo tocila.
“Tun ran gini, ran zane,” in ji shi.
A bakin ƙofar bayi muka same ta:
ƙusa ce, tawa, ni na buga ta ran Talata.

Yana da wata ɗabi'a,
rubutu da fensir a jikin katako:
Zafi nan. Sanyi nan. Ban da ƙusa nan.
Wannan makulli dama yake rufewa.
Fitar da iska ta sama, ruwa ya san hanyar ƙasa.
Na ce, “Wa zai karanta in bango ya rufe?”
Ya ce, “Wanda zai fasa.”

A Oktoba ya rasu,
saura mako uku mu kunna.
A maƙabartar majami'a iska ta ɗauke hular ƙanensa,
ba wanda ya bi ta.

Ni kaɗai na danna maɓalli.
Akwatin bayan gida ya fara juya fankarsa,
yana tatsar ɗumi daga iskar da ke yanka fuska,
abin da har gobe nake yi wa kallon siddabaru.
Farantan sola suna can kan rufi suna hamma,
rana a Disamba leƙe kawai take yi ta koma,
amma injin iska na kan tudu bai san hutu ba,
batir ya ƙoshi tun kafin dare ya raba.

Ɗaki uku suka ɗumama. Na huɗu ya ƙi.
Bututu na ƙugi kamar cikin mayunwaci.
Na hau tsani, na murɗa ɗan makullin sama:
huci ya fito, dogo, irin ajiyar zuciyar tsoho,
sannan ruwa ya tofa mini a haɓa.

Ya taɓa ce mini, “Kar ki nemi wuta a daɓen nan.
In ya yi daidai, ɗumin cikin kyanwa za ki ji.”
Na cire safa. Hakan ne.

Allo ɗaya ya rage ban rufe ba, na bakin bayi.
Na ɗauko guntun fensir ɗinsa, duk shatin haƙori,
na rubuta a ƙarƙashin nasa:
Thora ta huda nan. An gyara.