Ina Na Bara?

Asabar, tun rana ba ta buɗe ido ba,
na tura babur har bakin titi kada Ige ta ji.
Jiya ta ce in na ƙara shigo da tukunya ɗaya
sai in zaɓa, ko ita ko gwaiba,
tsakar gida ta zama kurmi, babu wurin shanya.

Na gangara Kwalkwalawa.
Fadama ta tare ni da ƙanshin laka,
injin ban-ruwa yana tari a bakin gulbi,
ga lambun Arzika:
baƙaƙen ledoji sahu-sahu, kafaɗa da kafaɗa,
mangwaro mai aure da ƙyalle ɗaure a wuya,
lemun tsami, fasadabur, kashu,
lalle a gwangwanin tumatir,
zogale bai wuce tsawon yatsa ba
har ya fara taƙama.

Na nuna rumman.
Bai ɗago ba, yana tankaɗe taki.
"Malam Modi, ina na bara?"
Na ce gara.
"Na bara waccan fa?"
Na ce akuyar maƙwabta.
Ya yi shiru irin na mai jiran canji.
Na ce, to, na bara dai ni ne.
Safe in ba shi, azahar in ba shi,
cikin dare in fito da buta in ƙara,
jarka biyu daga ɗan garuwa, tasa shi kaɗai,
har ganye ya yi ɗorawa, saiwa ta ruɓe,
na tuge shi yana warin tsohon jiƙo.

Arzika ya kama hannuna,
hannun da ya shekara talatin yana riƙon biro a ofishin haraji,
ya tsoma yatsana a ƙasar tukunya har gaɓa ta biyu.
"Mi kaj ji?"
Sanyi.
"To ba ta kira ka ba. Wuce."

Bayan lambu ɗiyarsa Tumba ta kafa rumfar leda,
abin da ta karanto ne ta zo ta dasa.
Na sunkuya na shiga, tabarauna ya yi gumi,
na goge da bakin riga,
sai ga kore ya rufe ni har sama.
Kokwamba tana hawan igiya kamar yaro a katanga,
tattasai ja, tattasai rawaya,
a watan da kwalta ke kama takalmi a Sakkwato!
Siririn tiyo kwance a gindin kowa
yana ɗiga,
ɗis,
sai ya yi tunani,
ɗis,
kamar marowaci yana ƙirga kwabo.
Na ce, yarinya, ai azumi kike sa su.
Ta ce, "Baba, dubi 'ya'yan."

Na duba.
Waya tana aljihuna, nauyinta a ƙirji.
Jiya sau biyar na kira Ladan a Legas,
ka ci abinci, ka rufe ƙofa, wa ke magana kusa da kai,
na biyar bai ɗauka ba.
Na kai hannu. Na mayar da shi.

Mun daidaita da Arzika bayan rantsuwa uku,
ya ƙara mini ɗoɗɗoya, ya ce ta Ige ce, ba tawa ba.
Na dawo da rumman tsakanin gwiwoyina,
ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai,
'yan kabu-kabu na ta danna mini ham,
ganye bakwai, na ƙirga su a Dandima,
na sake ƙirgawa a Mabera.

Tana bakin ƙofa, hannu a ƙugu.
Ta dube ni, ta dubi ledar, ta daɗe.
Sai ta jawo turmi gefe da ƙafa.
"Sa shi nan, inda hantsi ke taɓawa.
Butar kuwa,
ba ni."